Dashe a Gonar Aro: Shekara Hamsin na Takaddama Tsakanin Mamallaka Dungeons & Dragons da Masoyansa

Ranar 27 ga Janairun 2023, kamfanin Wizards of the Coast na ƙasar Amurka ya yi abin da ba kasafai manyan kamfanoni ke yi ba. Ya ɗauki ginshiƙan dokokin wasansa mafi shahara, wato Dungeons & Dragons, ya sanya su ƙarƙashin wani lasisi da ya ba kowa a duniya damar amfani da su kyauta, lasisin da shi kansa kamfanin ba shi da ikon janyewa. Makonni uku kacal kafin wannan rana, shirin kamfanin akasin haka ne: yana niyyar soke wani alkawari da ya yi wa masoya wasan tun shekarar 2000, sannan ya fara karɓar kaso daga cinikin ƙananan mawallafan da suka gina sana'arsu a kan wannan alkawari.

Abin da ya juya akalar kamfanin cikin makonni uku ba zai fahimtu ba sai an koma baya shekara kusan hamsin. Tun daga ranar da aka fara sayar da wasan, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wane ne ke da shi, wanda ya riƙe takardar mallaka ko waɗanda ke raya shi a kan teburansu? Sau uku mamallakan suka yi yunƙurin kewaye shi da shinge, kuma sau ukun duka sun kwashi kashinsu a hannu.

Wasan da ba ya kammaluwa a cikin kwali

Mai karatun da ya saba da dara ko ludo ya san wasan da dokokinsa suka cika, sai dai kawai a zauna a yi. Dungeons & Dragons ya sha bamban. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, wanda ke tsara duniyar labarin da garuruwanta da dodanninta. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wani jarumi, wani matsafi, wani ɓarawo. Jagora ya bayyana halin da ake ciki, 'yan wasa su faɗi abin da za su yi, sai a jefa dayis mai fuska ashirin domin a ga ko yunƙurin ya yi nasara. Ya fi kama da tatsuniyar da masu sauraro ke da baki a cikinta, ana ƙulla ta dare bayan dare, wani lokaci har tsawon shekaru.

Ma'anar wannan ita ce, abin da kamfani ke sayarwa kayan aiki ne kawai. Labarin kansa, taswirar da jagora ya zana, sabon dodon da ya ƙirƙira, duk aikin mai saye ne. Duk wanda ya sayi littafin dokokin ya zama marubuci, kuma marubuci yakan so ya nuna wa wasu abin da ya rubuta. Daga nan rikicin ya samo asali.

Asalin wasan ma daga irin wannan musaya ya fito. A farkon shekarun 1970, Gary Gygax yana zaune a ƙaramin garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, yana gyaran takalma bayan ya rasa aikinsa a kamfanin inshora. A 1971 shi da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, dokokin wasan yaƙi da ƙananan gumakan sojoji. Wani matashi a jihar Minnesota, Dave Arneson, ya ɗauki wani ɓangare na dokokin ya sarrafa shi, ya mai da hankalin wasan daga runduna zuwa mutum guda da ke kutsawa cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa. Da ya nuna wa Gygax, sai suka haɗa kai. A 1973 Gygax da abokinsa Don Kaye suka kafa kamfanin TSR, kuma a Janairun 1974 suka buga kwafi 1,000 na wasan, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala 10.

Dokokin farko cike suke da giɓi, kuma a ƙarshensu mawallafan sun ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa su cike giɓin da kansu. Haka kuwa aka yi. A 1975 wata mata a Los Angeles, Lee Gold, ta fara fitar da mujallar masoya mai suna Alarums & Excursions, inda mutane ke musayar sababbin dokoki ta hanyar gidan waya. Hatta ɓarawo, ɗaya daga cikin fitattun matsayin da ake ɗauka a wasan har yau, tunaninsa ya fito ne daga wasu 'yan wasa a Kalifoniya, kafin TSR ya shigar da shi cikin littafinsa a 1975.

Shinge na farko

Da kuɗi suka fara shigowa, sai zumunci ya fara tsami. A 1977 masu riƙe da haƙƙin ayyukan marubuci J.R.R. Tolkien suka yi wa TSR barazanar shari'a, dole kamfanin ya sauya sunayen wasu halittu da ya aro daga littattafansa. A 1979 Arneson ya kai TSR kotu a kan kasonsa, aka sasanta a 1981. A 1985 shi kansa Gygax ya rasa ikon kamfanin da ya kafa, bayan da Lorraine Williams ta sayi mafi yawan hannun jarin.

TSR ya koyi darasin shari'a, amma ya koye shi a baibai. A farkon shekarun 1990 ya maka kamfanin Mayfair Games a kotu saboda littattafan da yake bugawa waɗanda suka dace da dokokin wasan. Ya kuma kai kamfanin GDW ƙara saboda wani sabon wasa da Gygax ya rubuta masa, Dangerous Journeys. Duka shari'un biyu sun ƙare ne da TSR ya saye kayan da ake takaddama a kansu. GDW kuwa ya rufe a 1996.

Sai kamfanin ya juya kan masu sayen kayansa. A 1994, lokacin da intanet ke fara yaɗuwa a jami'o'in Amurka, ɗalibai da ma'aikata sun tara labarai da taswirori da dodannin da suka ƙirƙira a kan kwamfutocin makarantunsu domin kowa ya ɗauka kyauta. TSR ya aika da wasiƙun gargaɗi cewa a sauke su, sai dai a ajiye su a wuri guda da ya amince da shi. Ba sayar da komai waɗannan mutane suke yi ba. Hasali ma su ne suka fi kowa kashe kuɗi a kan littattafan kamfanin. Masoya suka riƙa yi masa shaguɓe, suna rubuta sunansa da alamar dala a maimakon harafin tsakiya.

A dokar Amurka, ƙarfin hujjar TSR bai kai yadda yake nunawa ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1879 a shari'ar Baker da Selden, an tabbatar cewa haƙƙin mallakar rubutu yana kare kalmomin da marubuci ya tsara ne, ba ya kare hanya ko tsarin da kalmomin ke bayyanawa. Ke nan ba wanda ya mallaki dabarar jefa dayis a haɗa da lamba. Amma iyakar da ke tsakanin tsari da kalmomi ba a sarari take ba, kuma gano ta a kotu yana cin kuɗin da ƙaramin mawallafi ba shi da su. Tsoron kuɗin lauya shi ne ainihin shingen.

Shingen bai ceci TSR ba. Kamfanin ya yi ta fitar da littattafai fiye da yadda kasuwa za ta iya ɗauka, yana raba masu sayensa gida-gida a kan duniyoyin labari daban-daban. A ƙarshen 1996 babban mai rarraba masa kaya, Random House, ya dawo masa da tarin littattafan da ba su saidu ba. Bashi ya yi masa katutu, har ya kasa biyan maɗaba'a. A 1997 Wizards of the Coast, wanda wasan katinsa Magic: The Gathering ya azurta shi tun 1993, ya saye shi.

Alkawarin shekarar 2000

Sababbin mamallakan sun san zafin abin da TSR ke yi wa mutane. A 1992, lokacin Wizards yana ƙaramin kamfani, Palladium Books ya kai shi kotu saboda wani littafi da ya ƙunshi bayanin yadda za a yi amfani da shi a wasannin wasu kamfanoni, kuma shari'ar ta kusa durƙusar da shi.

Wanda aka tura ya binciki littattafan kuɗin TSR kafin cinikin shi ne Ryan Dancey. Daga baya ya rubuta cewa ya tarar da rumbu maƙare da kayan da ba mai so, kuma bai ga wata alama da ke nuna kamfanin ya taɓa tambayar masu sayensa abin da suke buƙata ba. A ganinsa, rashin sauraro ne ya kashe TSR.

Dancey ya aro dabara daga duniyar manhajar kwamfuta ta kyauta, wadda kowa ke da damar gyarawa da rarrabawa. Lokacin da aka fitar da bugu na uku na wasan a 2000, sai aka haɗa shi da lasisi mai suna Open Game License. An ware ginshiƙan dokokin a cikin wani kundi, aka ce kowa na iya amfani da su ya rubuta littafinsa ya sayar, ba tare da neman izini ko biyan ko sisi ba. Kamfanin ya riƙe sunan wasan da tambarinsa da wasu fitattun halittunsa.

Wannan lissafin kasuwa ne, kuma Dancey bai ɓoye ba. Darajar irin wannan wasa tana cikin yawan masu yin sa, domin mutum yakan koyi wasan da abokansa suka iya. Ƙananan littattafan labari ribarsu kaɗan ce, to, bari wasu su ɗauki wahalar buga su. Duk wanda ya sayi ɗaya daga ciki, sai ya nemi babban littafin dokoki, wanda nan ne ribar take. Akwai kuma dalili na biyu da ya sha faɗa: ya ga yadda wasan ya kusa nutsewa tare da bashin TSR, yana son a tabbatar cewa rushewar wani kamfani ba za ta sake binne shi ba. A lokacin ma an riga an sake sauya hannu, domin a 1999 katafaren kamfanin kayan wasan yara, Hasbro, ya sayi Wizards a kan kimanin dala miliyan 325.

Ƙananan mawallafa suka yi ca. Kasuwa ta cika da littattafai, nagari da na banza, har ta tumbatsa, kuma da yawa sun karye bayan an yi wa dokokin kwaskwarima a 2003. Waɗanda suka tsira kuwa sun zama kamfanoni na gaske, masu ma'aikata da albashi. A al'adar noma, wanda aka ba aron gona yakan shuka gero ne, ba ya dasa mangwaro, domin bai san ranar da mai gona zai zo ba. Lasisin ya ce damar ta dindindin ce, saboda haka mutane suka dasa itatuwa.

Shinge na biyu

Cikin waɗanda suka yi dashen har da Paizo, kamfanin da Lisa Stevens, tsohuwar ma'aikaciyar Wizards, ta kafa a 2002. Aikinsa shi ne buga mujallun wasan guda biyu, Dragon da Dungeon, bisa izinin Wizards. A 2007 aka karɓe wannan izini. A 2008 bugu na huɗu na wasan ya fito da sabon lasisi mai tsauri, wanda kamfanin ke iya sauyawa ko janyewa, kuma a siffarsa ta farko ya nemi mawallafi ya rabu da tsohon lasisin a kan duk jerin kayan da ya mayar sabon tsari.

Paizo ya tsinci kansa ba mujalla ba tabbas. Sai ya koma ga alkawarin 2000, wanda ba a soke ba. Ya ɗauki dokokin bugu na uku ya gyara su, ya buɗe ƙofa ga dubban 'yan wasa su gwada su kyauta su ba da shawara, sannan a Agustan 2009 ya fitar da wasan Pathfinder. Masoyan da ba su gamsu da bugu na huɗu ba suka yi ƙaura. Daga 2011, ƙididdigar da mujallar kasuwanci ta ICv2 ke fitarwa daga shagunan wasanni ta nuna Pathfinder a gaban Dungeons & Dragons, kuma ya riƙe wannan matsayi har zuwa 2014. Wasan da ya haifi sana'ar baki ɗaya ya koma na biyu a bayan ɗan da aka haifa daga dokokinsa.

Wizards ya karanta allon. Daga 2012 ya buɗe gwajin sabon bugu ga jama'a, inda a cewarsa fiye da mutum 175,000 suka shiga. Bugu na biyar ya fito a 2014, kuma a Janairun 2016 aka mayar da ginshiƙan dokokinsa ƙarƙashin tsohon lasisin. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka a tarihin wasan. Shirin Critical Role, inda wasu masu sana'ar murya ke yin wasan a gaban kyamara tun 2015, ya jawo miliyoyin masu kallo. Fim mai dogon zango na Stranger Things, wanda ya fara a 2016, ya gabatar da shi ga sabon ƙarni. Babban ɓangare na wannan farin jini aikin mutanen da ba kamfanin ke biyan su ba ne.

Shinge na uku

Nasara ita ma tana da nata jarrabawa. A 2022 Hasbro ya sayi D&D Beyond, manhajar da 'yan wasa ke ajiye littattafansu da bayanan jarumansu a ciki, a kan dala miliyan 146.3. A Disambar wannan shekara shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a tatsar kuɗi daga wasan gwargwadon shahararsa.

Ranar 5 ga Janairun 2023, kafar Gizmodo ta wallafa rahoton Linda Codega a kan wani daftarin sabon lasisi da ya fita ta bayan fage. Daftarin ya ayyana cewa tsohon lasisin ya daina aiki. Duk mawallafin da cinikinsa ya haura dala 750,000 a shekara zai biya kashi 25 cikin 100 na abin da ya ɗoru a kan wannan adadi, kuma daga ciniki za a lissafa, ko an ci riba ko ba a ci ba. Kamfanin zai sami damar amfani da abin da wasu suka rubuta ba tare da biyan su ba, kuma yana iya sauya sharuɗɗan da sanarwar kwana 30.

Yaya za a soke abin da aka kira na dindindin? Lauyoyin kamfanin sun sami ƙofa a cikin kalmomi biyu. Lasisin 2000 ya ce damar ta dindindin ce, amma bai ce ba za a iya janye ta ba. Ya kuma ce mutum na iya amfani da kowane bugu na lasisin da aka amince da shi, to, sai a cire amincewar. Dancey ya fito ya ce waɗanda suka rubuta lasisin ba su taɓa nufin hakan ba. Masoya kuma suka tono wani tsohon bayani da kamfanin da kansa ya wallafa a 2004, inda ya ce idan ya sauya lasisin, kowa na da damar ci gaba da amfani da tsohon.

Maganar ba ta kai kotu ba. Sayen D&D Beyond ya ba masoya makamin da ba su da shi a zamanin TSR, wato lambar da shugabanni ke dubawa kullum. Dubban mutane suka soke rajistarsu ta wata-wata. Ranar 12 ga Janairu Paizo ya sanar cewa zai jagoranci samar da sabon lasisi mai suna ORC, wanda ba kamfanin wasa ne zai riƙe shi ba, kuma ɗaruruwan mawallafa suka mara masa baya. Kamfanin ya ce cikin mako biyu ya sayar da babban littafin Pathfinder da ya tanada domin wata takwas. Duk wannan yana faruwa ne ana saura wata biyu a fitar da babban fim ɗin Dungeons & Dragons a gidajen sinima.

Wizards ya fara da ba da haƙuri rabi da rabi, sannan ya fitar da sassautaccen daftari ya nemi ra'ayin jama'a. Fiye da mutum 15,000 suka amsa. Kashi 88 cikin 100 suka ce ba za su wallafa komai a ƙarƙashinsa ba, kashi 89 kuma suka ƙi amincewa da soke tsohon lasisin. Ranar 27 ga wata kamfanin ya miƙa wuya. Ya bar lasisin 2000 yadda yake, ya kuma sanya kundin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda wata ƙungiya mai zaman kanta ta rubuta, kuma a fili ya ce ba a janye shi. A Afrilun 2025 ya yi haka ga kundin sabunta dokokin.

Abin da ya rage

Duk da haka, abin da ya fashe bai koma daidai ba. Paizo ya sake rubuta Pathfinder domin ya raba shi da tsohon lasisin gaba ɗaya. Kobold Press, wanda ya daɗe yana buga littattafan da suka dace da wasan, ya fitar da nasa mai suna Tales of the Valiant. Masu Critical Role su ma sun fitar da Daggerheart a 2025. Dungeons & Dragons yana nan a kan gaba a kasuwa, amma maƙwabtan da a da suke noma a gonarsa kowa ya nemi tasa.

Ba za a ce kamfanin ba shi da hujja ko kaɗan ba. Shi ke biyan marubuta da masu zane, shi ke ɗaukar asarar bugun da bai saidu ba, kuma masu hannun jari suna da haƙƙin tambayar inda ribarsu take. Kuskuren da ya maimaitu a 1994 da 2008 da 2023 kuskuren lissafi ne. A kowane karo shugabanni sun dubi abin da wasu ke samu a gefen wasan suka ɗauke shi a matsayin kuɗin da ya zube daga aljihunsu, alhali wannan aikin na gefe shi ke kawo sababbin masu sayen littafin dokoki.

Su ma masoyan akwai abin da tarihin ya nuna musu. Alkawarin 2000 ya tsaya shekara 23 ne saboda masu riƙe da kamfanin sun ga amfaninsa, kuma ranar da wasu shugabanni suka daina gani, kalma ɗaya da ba a rubuta ba ta isa ta girgiza sana'ar mutane masu yawa. Waɗanda suka yi alkawarin sun bar kamfanin tun tuni, takardar kawai suka bari. Wannan ne ya sa a 2023 mawallafa ba su gamsu da ban haƙuri ba, suka dage sai an mai da dokokin inda hannun kamfanin ba zai kai ba. Duk mai sana'ar da ta dogara da izinin wani, ko marubuci ne ko mai manhaja ko mai shago a dandalin wani kamfani, tambayar da suka yi ita ce ta dace ya yi kafin ya dasa itace: idan mai gona ya sauya, me takardar ta ce?